Maki da Ƙidayar 'Yan Kallo a Matsayin Ma'aunin Marubucin Wasan Raha na Soyayya: Daga Birtaniya zuwa Gaya da Ajingi

1.0 GABATARWA

Manufar wannan takarda ita ce ta duba wata al'ada da ta shigo cikin sha'anin wasan kwaikwayo na talabijin, har ta nemi wuri ta zauna daram ba tare da manazarta sun tambaye ta daga ina ba. Al'adar kuwa ita ce ta auna darajar wasa, da darajar wanda ya rubuta shi, da alƙaluman 'yan kallo, watau mutum nawa suka kalli kashi kaza, maki nawa suka ba shi, wane kashi ne ya zo na ɗaya, wanne kuma ya zo kurar baya. A yau idan aka tambayi mai shirya wasan Hausa yadda wasansa ya karɓu, da wuya ya kawo zancen jigo ko zubi da tsari. Waya zai ciro daga aljihu, ya nuna adadin da ke ƙarƙashin hoton wasan a YouTube.

Mun zaɓi mu gwada wannan ma'auni a kan wasan raha na soyayya. Abin da muke nufi da wannan suna shi ne wasa mai dogon zango wanda aka gina a kan mace da namiji masu son juna, amma wani abu ya hana su daidaitawa, ana ta dariya ana jiran ranar da za a shafa fatiha. Za mu fara da Birtaniya, domin can ne aka daɗe ana ƙidayar, kuma can ne irin wannan wasa ya yi ƙarfi a hannun marubuta waɗanda aka san su da sunayensu. Sa'an nan mu dawo gida, mu tsaya a ƙasar Gaya da Ajingi da ke gabashin Jihar Kano, mu ga ko mudun da aka yi awo da shi a can zai yi awo a nan. Ra'ayinmu, tun da wuri, shi ne cewa alƙaluman suna da abin da suke faɗa, amma ba aikin marubuci suke aunawa ba, kuma ɗaukarsu a matsayin hukunci ya soma karkatar da alƙalamin marubutanmu.

2.0 MUDU UKU DA AKE KIRA DA SUNA ƊAYA

Kafin mu shiga cikin batun gadan-gadan, ya kamata mu rarrabe abubuwa uku waɗanda ake cuɗawa a kira su "ra'ayin 'yan kallo".

Na farko shi ne ƙidayar kawuna. Tun 1936 gidan BBC ya buɗe sashen binciken masu sauraro, daga baya aikin ya haɗa da masu kallo. A 1981 aka kafa hukumar BARB domin BBC da tashar kasuwanci ta ITV su daina ƙidaya kowa da nasa mudun. Yadda ake yi shi ne, a zaɓi 'yan dubban gidaje waɗanda za su wakilci ƙasar baki ɗaya ta fuskar shekaru da arziki da yanki, a maƙala wata na'ura a jikin akwatinsu, sa'an nan a ninka abin da aka samu. Wannan mudu yana faɗa mana yawan waɗanda suka zauna gaban akwati. Ba ya faɗin ko sun ji daɗi, ko kuwa gyangyaɗi suke yi.

Misalin da ya fi fito da wannan fili shi ne wasan To the Manor Born na Peter Spence. Labarin wata bazawara ce 'yar manyan gida, Audrey, wadda mijinta ya mutu ya bar bashi, aka sayar da gidan gado, wani attajiri mai kantunan sayar da abinci, Richard, ya saya, ita kuwa ta koma ɗan ƙaramin gidan da ke bakin ƙofa tana hangen abin da ake yi da gidan kakanni. A wurinmu sai mu ce karo ne tsakanin sarauta da dukiya. Kashin ƙarshe na zangon farko, a watan Nuwamba 1979, ya sami 'yan kallo kusan miliyan 24. Duk mai duba wannan adadi shi kaɗai zai ce ba a taɓa rubuta wasa kamarsa ba. To amma a wancan lokaci tashoshi uku ne kawai a ƙasar, kuma an fara nuna wasan ran 30 ga Satumba 1979, alhali ma'aikatan ITV suna yajin aikin da ya rufe tashar tun daga watan Agusta har zuwa 24 ga Oktoba. Makonni huɗu na farko ke nan wasan ya yi ba shi da kishiya, jama'a suka saba da shi. Kashin da aka ɗaura auren Audrey da Richard a 1981, wanda shi ne duk aka yi shekara biyu ana jira, bai kai wancan adadi ba. Shin rubutun wasan ne ya dushe a tsakani, ko kuwa kasuwa ce ta sake ci?

Har wa yau kashi ɗaya yana iya samun adadi biyu. Kashin rufewa na Gavin & Stacey, wanda James Corden da Ruth Jones suka rubuta, an nuna shi ranar Kirsimeti ta 2024. A daren an ƙidaya mutum miliyan 12 da 'yan kai, amma da aka haɗa da waɗanda suka kalla ta intanet cikin mako guda sai adadin ya haura miliyan 19. Rubutun bai ƙaru da harafi ko ɗaya ba.

Mudu na biyu shi ne na gamsuwa. A nan ana tambayar zaɓaɓɓun mutane su ba kowane shiri da suka kalla maki daga ɗaya zuwa goma, a haɗa a mayar da shi bisa ɗari. Wannan ya fi na farko kusa da abin da matarki yake nema, amma yana da nasa lahanin. Wanda ba ya son wasa ba ya kallonsa, saboda haka ba ya cikin masu ba da maki. Shi ya sa ƙaramin shiri mai masoya kaɗan yakan fi babban shiri maki.

Na uku, wanda shi ne ya fi yaɗuwa a yau, shi ne makin da mutum yake bayarwa don ra'in kansa a zauruka irin su IMDb, inda kowane kashi yake da nasa maki daga ɗaya zuwa goma. Babu wanda ya zaɓi waɗannan alƙalai, su suka naɗa kansu. Wanda ya kalli kashi biyu ya gaji ya tafi, ya bar ƙaramin maki a farkon wasa. Wanda ya kai kashi na sittin kuwa masoyi ne na gani-kashe-ni. Saboda haka sai a ga maki yana hawa yayin da wasa yake tsufa, ko da rubutun ya soma rauni. Akwai kuma batun jinsi. A 2016 Walt Hickey ya bi diddigin makin IMDb, ya nuna cewa maza sun rinjayi mata a yawan masu ba da maki, kuma suna danne shirye-shiryen da mata suka fi so da ƙaramin maki. Wasan soyayya kuwa yana sahun gaba cikin irin waɗannan. Mu riƙe wannan batu, za mu sake cin karo da shi a Gaya.

3.0 BOB LARBEY DA KASHIN DA "BA A YI KOMAI BA"

Daga cikin marubutan wannan fanni mun ɗauki Bob Larbey, wanda ya rasu a 2014, domin aikinsa ne ya fi tona asirin ma'aunin. Shi ya rubuta A Fine Romance, wanda aka nuna daga 1981 zuwa 1984, da As Time Goes By, wanda BBC ta nuna daga 1992 zuwa 2002, aka ƙara kashi biyu na musamman a 2005, jimla kashi 67. Judi Dench ce tauraruwa a duka biyun. A na biyun Geoffrey Palmer ne abokin wasanta.

Ga yadda labarin As Time Goes By yake a taƙaice. Lionel ƙaramin hafsan soja ne, Jean kuwa ma'aikaciyar jinya. Suka so juna a ƙuruciya, aka tura shi Koriya. Ya rubuto mata wasiƙa, wasiƙar ba ta iso ba. Ita ta ɗauka ya manta da ita, shi ya ɗauka ta ƙi ba shi amsa, kowa ya ja girmansa ya yi shiru. Bayan shekara 38 suka sake haɗuwa a Landan. Ita mijinta ya rasu, tana da 'ya baliga da ofishin masu buga takardu. Shi kuwa ya yi noman kofi a Kenya, aurensa ya mutu, ya dawo da littafin tarihin rayuwarsa yana neman mai buga masa.

Mai sauraro zai lura cewa wannan ba wasan samari da 'yan mata ba ne. Da Hausa sunansa wasan zawarci. Kuma abin da ya shiga tsakanin mutanen biyu ba uba ba ne, ba kishiya ba, ba talauci ba, ba asiri ba. Wasiƙar da ta ɓata dalili ne na farko kawai. Abin da ya raba su shekara 38 shi ne babu wanda ya iya sauke kai ya sake rubutawa. Watau shingen yana cikin zukatansu, kuma da shi suka dawo. Lionel mutum ne mai gunaguni wanda bakinsa ba ya iya furta abin da ke ransa. Jean kuwa mai shisshigi ce, wadda in ta yi ƙaramar ƙarya don ta kare mutuncinta sai ta yi goma don ta rufe ta farkon. Dariyar wasan duk daga nan take fitowa: dattawa biyu sun san abin da suke so, mai kallo ya sani, 'ya'ya da ma'aikata sun sani, amma an rasa mai faɗa. Bahaushe ba baƙo ba ne ga wannan. Wanda ya san kunya da kawaici da kara, ya san yadda dattijo yake kewaye-kewaye idan zai nemi bazawara, har ya ɓuge da tambayar lafiyar awakinta, ba ya bukatar a fassara masa fuskar Geoffrey Palmer.

To, a irin wannan zubi, ina gwanintar marubuci take? Ba a kashin ɗaurin aure take ba. Kashin biki kusan shi yake rubuta kansa: a tara dangi, a ɓatar da wani abu, a makara, a ƙarshe a yi murna. Mai kallo zai ba shi maki mai yawa domin an biya shi bashin da ya daɗe yana bi. Gwanintar tana cikin kashin tsakiya, inda a minti talatin ba a yi komai ba sai gardama a kan inda za a ajiye kaya ko wanda zai fara buga waya, amma a ƙarshensa mutanen biyu sun matsa kusa da juna da taki ɗaya, ba tare da ɗayansu ya ambaci kalmar so ba. Irin wannan kashi shi ne ginshiƙin da ya ɗauki bikin. Sai dai idan aka ce wa mai kallo ya ba da maki bayan shekara goma, abin da ya faru yake tunawa, ba yadda aka faɗi magana ba. Kashin da ya fi wuyar rubutawa shi ne wanda ya fi saurin ɓacewa daga ƙwaƙwalwa.

Akwai wata jarrabawa kuma da Larbey ya ci, wadda alƙaluma ba su da bakin bayyana ta. An ɗaura auren Jean da Lionel a zango na huɗu, a 1995, amma kusan rabin wasan bayan auren aka yi shi. Yawancin wasannin soyayya da zarar an shafa fatiha sai su mutu a tsaye, domin shingen da aka gina su a kai ya faɗi. Na Larbey bai mutu ba, saboda shingen hali ne, hali kuwa zanen dutse. Ba mu ce wasan ba shi da aibi ba. A zangunan ƙarshe an jingina da yawa a kan soyayyar matasan gidan, wadda ba ta da nauyin ta dattawan, kuma duniyar wasan ta masu hali ce ƙwarai, babu mai tunanin kuɗin cefane. Amma wannan hukunci ne na tarke. Da karatu da kwatance ake kai wa gare shi.

4.0 A GIDA: INA MARUBUCIN?

Idan muka juyo gida, matsala ta farko ita ce shi kansa marubucin. A Birtaniya al'adar ita ce mutum ɗaya, ko biyu, ya rubuta zango mai kashi shida ko bakwai, sunansa ya fito ɓaro-ɓaro a farkon kowane kashi. Ko da ma'aunin ya yi kuskure, an san wanda aka yi wa kuskuren. Wasan talabijin na Hausa kuwa ba haka ya tashi ba. Tun daga gidan Rediyo da Talabijin na Kaduna, wanda aka buɗe a 1962, zuwa tashoshin NTA daga 1977, da CTV ta Kano wadda gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa, abin da aka fi yi shi ne a tsara ƙashin bayan labari, a bar ɗan wasa ya sa masa tsoka da bakinsa. Marigayi Usman Baba Pategi a Samanja Mazan Fama, da marigayi Ƙasimu Yero a Karambana, da Karkuzu a Jos, kowannensu rabin marubucin wasansa ne. Jama'a kuwa ɗan wasa suka gani, shi suka riƙe.

Zuwan tashar Arewa24 a 2014 ya kawo canji, domin ta zaunar da marubuta a ɗaki ta ce su rubuta. Daɗin Kowa, wanda ya fara a 2015, aikin ayarin marubuta ne, cikinsu har da Fauziyya D. Sulaiman da Nazir Adam Salih, waɗanda dama an san su a fagen ƙagaggun labarai. Gidan Badamasi, wanda Falalu Ɗorayi ya ba da umarni, Nazir Adam Salih ya rubuta, ya fito a 2019. Labarina na Aminu Saira ya biyo baya a 2020. Duk da haka, a tambayi mai kallo wa ya rubuta maganganun Kamaye da Adama, ko na Alhaji Badamasi, a ga ko zai amsa. Zai dai ce Magaji Mijinyawa ya iya rowa, Rabi'u Rikadawa ya iya Baba Ɗan Audu. Makin da aka bayar nasu ne.

Matsala ta biyu ta fi ta farko damunmu. Tun zamanin kaset ɗin bidiyo, wanda ya soma da Turmin Danya a 1990, masana'antar Kano ta raba gari biyu: ga 'yan camama, irin su marigayi Rabilu Musa Ibro, masu ban dariya a ƙauye, ga kuma 'yan santimental masu soyayya da hawaye a manyan gidaje. Wannan rabo ya bi mu har cikin wasanni masu dogon zango. Gidan Badamasi raha ce tsantsa, kuma ginin nata mai kyau ne: tsoho attajiri marowaci a kan keken guragu, ga tarin 'ya'ya kowa da dabarar da zai tatsi rabonsa. Amma soyayya a cikinsa 'yar rakiya ce. Labarina kuwa soyayya ce, amma rahar da ke ciki an ware ta an damƙa wa wasu 'yan wasa na gefe. Wurin da aka fi kusantar haɗa biyun shi ne zaman Kamaye da Adama a Daɗin Kowa, inda ake faɗa kullum kuma ba a rabuwa. Wasan da zai sa masoyan su kansu su zama abin dariya, a kuma tausaya musu a lokaci guda, har yanzu fili ne da ba a nome ba.

5.0 GAYA DA AJINGI: WAƊANDA BA SA SHIGA LISSAFI

Ƙidayar jama'a ta 2006 ta ba Ƙaramar Hukumar Gaya mutum sama da 200,000, ta ba Ajingi sama da 170,000, kuma ba shakka sun ƙaru tun daga lokacin. Ƙasa ce ta manoma da makiyaya da 'yan kasuwa, tsohuwar ƙasa wadda tarihin Kano ya danganta Abagayawa da ita. Jama'ar wannan yanki suna kallon wasannin da muka ambata, suna muhawara a kansu. Tambayar ita ce, ta wace hanya wasan yake isa gare su, kuma wannan hanya tana barin sawu a cikin alƙaluma?

Kaɗan suna kallo ta farantin tauraron ɗan'adam, in an sami wuta ko an tayar da janareta. A nan akwati ɗaya yakan tara mutanen gida uku. Mafi yawa kuwa ta hannun masu tura finafinai suke samu. Mai shago, wanda sau da yawa shi ne kuma mai cajin waya, zai sauke kashi sau ɗaya daga YouTube, ya tura wa duk wanda ya kawo waya ko memori a kan 'yan kuɗi kaɗan. Wanda ya karɓa a cikin garin Gaya zai tura wa abokinsa kyauta, abokin ya tafi da shi Kademi, wani ya wuce da shi Toranke. Da dare a teburin mai shayi kawuna biyar ko shida suna sunkuye a kan waya ɗaya. Duk wannan jama'a, a wurin na'urar ƙidaya, mutum ɗaya ne, watau mai shago. Ɗan Kano mazaunin Jidda ko Landan wanda yake da intanet a wadace, ya buɗe kashi sau uku, ya fi ƙauye guda nauyi a wannan sikeli.

Sa'an nan ga matan aure a cikin gida, waɗanda su ne ƙashin bayan masu bin wasan soyayya, kamar yadda su ne suka riƙe littattafan soyayya tun shekarun 1980. Yaro ake aike da memori ya karɓo musu. Suna kallo tare, suna tsayar da wasa su yi sharhi, suna mayar da shi baya su sake jin wata magana. Sharhinsu yana da zurfi, domin su suka san ko maganar da aka sa a bakin uwar miji haka ake faɗinta. Amma ba sa rubuta ra'ayi a ƙarƙashin bidiyo, ba sa danna alamar yabo. Abin da Hickey ya gano a IMDb, cewa muryar maza ta danne ta mata, a nan ya ninka, domin an haɗa da danniyar birni a kan ƙauye, da ta mai kuɗin data a kan marar shi.

Kada a ɗauka mutanen wannan yanki ba su da nasu ma'aunin. Suna da shi tun kafin akwati ya zo. A wasan tashe na watan azumi, yara suna shiga gida su yi wasa, matan gida su ba da hatsi ko kuɗi, kuma wanda ya burge ya fi samu. Ana yanke hukunci nan take, ido da ido. Ma'auni na biyu shi ne na harshe: idan magana ta fito daga cikin wasa ta shiga bakin jama'a, ko sunan ɗan wasa ya zama laƙabi, har a riƙa kiran wani tsohon soja Samanja, ko wani mai wayon tsiya Ɗan Audu, to wasan ya ci. Wannan ma'auni ya fi na YouTube kusa da aikin marubuci, domin magana yake aunawa. Lahaninsa kawai shi ne, shi ma ɗan wasa yake ba ladan.

6.0 ABIN DA MUDUN YAKE YI WA RUBUTU

Da a ce alƙaluman suna tsayawa a matsayin labari kawai, da ba mu ɗauki lokacin wannan taro a kansu ba. Amma kuɗin talla da su yake tafiya, mai shirya wasa kuwa yana bin kuɗin, marubuci yana bin mai shiryawa. Na'urar tana ƙidaya wanda ya danna, abin da ke sa a danna kuwa shi ne hoton mari, ko kuka, ko amarya, da take mai tayar da hankali. Saboda haka sai a bukaci kowane kashi ya kasance da wani babban abu da ya faru. Shingen cikin zuciya, irin na Jean da Lionel, ba ya ba da hoton da za a liƙa. Shingen waje shi ke bayarwa: uba ya ƙi, kishiya ta shiga malamai, an sace amarya, an yi haɗari an manta da kowa. Irin wannan shinge kuwa kamar gishiri yake a bakin wanda ya saba, kullum sai an ƙara. Abin da ya girgiza mai kallo a kashi na goma ba zai motsa shi a na talatin ba, sai an kawo wanda ya fi shi. Daga nan labari yake fita daga hannun mai shi.

Haka kuma adadi yana manne wa suna ne. Mun ga yadda Labarina ya canza tauraruwarsa bayan fitar Nafisa Abdullahi a 2022, daga baya ma aka ajiye labarin Sumayya aka ɗauko wani sabo da sababbin taurari, amma sunan yana nan. Ta fuskar kasuwa wannan dabara ce mai ma'ana, ba mu ga laifin mai yin ta ba. Sai dai tana nuna cewa wanda ya jera alƙaluman kashi-kashi yana neman ya gane inda rubutu ya yi kyau, abin da zai gani shi ne ƙarfin suna, da lokacin azumi ko na damina, da tsadar data a wannan wata.

Tun da kuma waɗanda ake ƙidayawa 'yan birni ne da mazauna waje, sai duniyar wasan ta koma tasu. Bazawarar Ajingi mai sana'ar ƙuli-ƙuli, da dattijon da matarsa ta rasu yake aiken goro ba ya iya zuwa da kansa, da 'ya'yansu da suka gane kome suna dariya a ɓoye, ga kayan wasa nan a zube wanda ba ya bukatar mota ko bene, amma ba a ɗauka, domin masu irin wannan rayuwa ba sa cikin lissafin da ake nuna wa mai talla. In an tuna da su, sai a camama, a sa musu yagaggiyar riga.

Ga sassanmu na nazarin Hausa, akwai aikin da ɗalibi zai iya yi da littafin rubutu da kuɗin mota zuwa Gaya. Ya zauna da masu tura finafinai, ya rubuta kashin da aka fi nema, musamman wanda ake dawowa a ce a sake turawa bayan an goge shi. Ɗaliba kuma ta shiga cikin gidaje, ta roƙi mata su ba ta labarin kashin makon jiya da bakinsu, ta lura da abin da suka maimaita kalma da kalma da abin da suka taƙaita da "sai aka yi ta rigima". Sa'an nan a nemi rubutaccen wasan daga hannun masu shi, a gwada da abin da aka faɗa a gaban kyamara, domin a san maganar da ta shiga gari ta marubuci ce ko ta ɗan wasa. Wannan mataki na ƙarshe ba zai yiwu ba sai masu shirya wasanni sun riƙa adana rubutun kowane kashi da sunan wanda ya rubuta shi, sun kuma yarda su ajiye kwafi a ɗakunan karatu na jami'o'inmu.